Bi Magudana

Hantsi bai gama ɗagawa ba
Baba Arzika ya saki fartanya tsakiyar albasa.
Ya kira ni, sunana ya fito rabi,
sauran ya maƙale a bakin da ya karkace.
Hannun dama, mai shekara arba'in yana jan ruwan Rima,
ya rataye kamar jiƙaƙƙiyar igiyar guga.

Maƙwabcin lambu ya ce iska ce, a tofa.
Jabbi bai tanka ba, ya tsaida mai keke.
Daga Kwalkwalawa har asibitin koyarwa
kan Baba na bugun cinyata a kowane rami.

Likita Modi bai tambayi mi ya ci ba.
"Ƙarfe nawa kunka gan shi lafiya?"
Ba ni da agogo.
Na ce inuwar giginya ba ta sauka daga kunyar farko ba,
injin ban-ruwa bai shanye rabin mansa ba.
Ya ƙirga a yatsu, ya miƙe tsaye.
"Da sauran lokaci. Ba shi da yawa."

A ƙofar ɗakin sanyi wata mata, Ige,
ta zare zoben azurfarsa,
ta juye aljihunsa a tafina:
mabuɗin injin, 'yar wuƙa, guntun goro.
"Maganaɗisu ne a ciki, ba ya barci.
Ko allura ya gani sai ya fizge."
Na tsaya riƙe da dukiyar ubana,
duka ba ta cika hannu ɗaya ba.

Sunka tura shi cikin farin kwalbati,
kai ya fara shiga.
Na'ura ta soma lugude,
mata goma kan turmi guda,
ta yi shiru, ta sauya taɓarya, ta koma.
Ta gilashi ƙafafunsa kawai nike gani,
da laka a tsakanin yatsu, ba wanda ya tuna ya wanke.

Ba a tsaga shi ba, ba a ɗiga jini ba,
sai ga cikin kansa a kan allo,
yanka-yanka, yadda ake yi wa albasa.
Can gefen hagu wani ɗan fari yana ƙyalli.
Likita ya ce, "Nan ya fara ƙonewa."
Ya danna, hoto ya juye:
itace mai rassa, ba ganye.
Reshen dama ya bazu har ƙarshe.
Na hagu ya taso, ya yi tafiyar ɗan yatsa,
ya yanke.
Bayansa duhu.

Ban jira bayani ba, na san wurin.
Ina shekara tara Baba ya ce mini,
"Kulu, in fangali ɗaya ya yi yaushi
kada ki zagi gulbi, kada ki zagi rana.
Bi magudana da ƙafa
har inda ruwa ya tsaya."

Gudan jini, in ji likita, bai kai ƙwayar gero biyu ba.
Jabbi ya sa hannu a takarda,
ya fita neman mai sayen babur ɗinsa.
Magani ya bi jijiya, ɗigo-ɗigo,
ni ina ƙirga, ina ɓata, ina sakewa.

Kwana uku kafin babban yatsa ya motsa.
Kwana tara kafin ya ce "Kulu" ya kai ƙarshe.
Har yau in yana son buta sai ya ce tabarma,
ya ji da kunnensa, ya yi tsaki.
Farin nan ba ya komawa, sun faɗa mini.
Na kewayensa anka ceto.

Ran da na koma lambu
fangali huɗu sun kwanta.
Na tuɓe takalmi na bi ruwa.
Kusa da giginya, baƙar leda ce da laka.
Na zura hannu har gwiwa na cire,
na tsuguna ina sauraren ruwa yana wucewa.